Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Inuwa Yahaya: kafin a cika mu da zancen gogewa, a faɗa mana lissafin kashi 30

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe kuma Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu akantoci ne da masu cike wa 'yan kasuwa takardun haraji a nan Gombe, kuma magana ɗaya ce ta sa muka rubuto.

Ranka ya daɗe, kai ka jagoranci taron Kaduna na ranar 28 ga Oktoba, 2024, inda gwamnonin Arewa da sarakuna suka ƙi amincewa da sabon tsarin da Gwamnatin Tarayya ta kawo na rabon VAT, wato harajin da mai saye ke biya a kan kaya, tsarin da zai ɗora kashi 60 na rabon jihohi a kan inda harajin ya fito. An kai ruwa rana. A Janairun 2025 gwamnonin ƙasa suka daidaita a kan kashi 30, Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji huɗu ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda suka shafi VAT da harajin albashi suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Daga nan ƙura ta lafa, jama'a suka ɗauka Arewa ta yi nasara. Mu da muke riƙe da littattafan lissafi hankalinmu bai kwanta ba, kuma ga zaɓen 2027 ya ƙarato ana ta zancen wa ya fi wa gogewa, ba mu ji ana taɓa ainihin wurin da ciwon yake ba.

Kai da ka yi Kwamishinan Kuɗi a jihar nan ba sai an yi maka dogon bayani ba. A ɗauki naira 1,000 na VAT da ta iso teburin rabo. A tsohon tsari jihohi na da 500: 250 raba-daidai, 150 bisa yawan jama'a, 100 bisa inda harajin ya fito. A sabon tsari jihohi na da 550: 275 raba-daidai, 110 bisa yawan jama'a, 165 bisa inda aka yi amfani da kayan. Wato kason yawan jama'a, inda Arewa ke da ƙarfi, ya ragu da naira 40, kason da ya dogara da takardun kamfanoni ya ƙaru da naira 65. Abin da muka riƙe a madadinsa shi ne sauyin kalma guda: a da ana duba inda kamfani ya biya harajin, wanda galibi hedikwatarsa ce a Legas, yanzu doka ta ce a duba inda mai saye ya yi amfani da kayan. Idan kalmar nan ta yi aiki, Gombe ta ci riba. Idan ta tsaya a takarda, mun sayar da akuya ta dawo tana ci mana danga.

Ga inda abin ke lalacewa. Kamfani kan miƙa bayanin VAT ɗinsa duk wata, zuwa ranar 21 ga wata mai bi, kuma abin da ya rubuta a matsayin wurin amfani shi ne abin da hukuma za ta gani. Wutar lantarki mai sauƙi ce: mitar da ke Pantami tana Pantami, ko da ofishin kamfanin yana Jos. Amma ɗauki katan na sabulu ko taliya. Masana'anta ta sayar wa babban dila a Kano ko Anaca, rasit ya nuna Kano ko Anaca. Dilan ya loda wa ɗan kasuwar Gombe a mota, shi kuma ya rarraba wa masu shaguna a Kumo da Bajoga da Dukku. Masu shagunan nan ƙanana ne, doka ta ɗauke musu karɓar VAT da cike takardarsa, saboda haka babu wata takarda da za ta nuna kayan sun shigo Jihar Gombe. Matar da ta yi wanki da sabulun a Nafada ita ta biya kashi 7.5 ɗin a cikin farashi, amma a lissafi wata jiha ce ta ci. Rasit na kwamfuta da hukumar haraji ta ƙasa ta shigo da shi ya fara ne da manyan kamfanoni, bai kai ga wannan mataki na ƙasa ba, inda cinikin Arewa yake.

Haka batun waya da banki. Layi an yi masa rajista a Kano, mai shi yana zaune a Billiri, ya sayi kati ta manhajar banki. Wace jiha ce ta yi amfani? Inda aka yi rajista, ko inda ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauki kiran yake? Amsar wannan tambaya kuɗi ce mai yawa, duk wata. Sannan kada a manta masara da gero da wake da ake lodi a kasuwar Tudun Hatsi, da shanun da ake ɗauka a tike, babu VAT a kansu. Daidai ne, abinci ne. Amma ma'anarsa ita ce abin da muke fitarwa ba ya shiga wannan lissafi, abin da muke saye kaɗai ke shiga, shi ma in an rubuta shi da sunanmu.

To, ranka ya daɗe, a nan ne zancen gogewa ke ba mu takaici. A 2023 an ce mana Tinubu ya tarar da kuɗin shigar Legas kusan naira miliyan 600 a wata ya ninka shi. An ce Atiku ya yi shekara 20 a Kwastan, ya yi Mataimakin Shugaban Ƙasa. An ce Obi ya yi tattali a Anambra, Kwankwaso ya yi Kano sau biyu. Ba mu raina ko ɗaya ba. Amma Legas na da tashar Apapa da hedikwatar bankuna da ɗimbin ma'aikata masu albashi da ake cire wa haraji tun kafin kuɗi ya shiga hannu. Kwastan kuma harajin bakin iyaka ne, kaya ne a gabanka kana gani. Babu ɗaya daga cikin wannan da ke nuna mutum ya san yadda za a bi sawun katan ɗin taliya daga Anaca zuwa Deba. Wannan sai an tambaye shi, ya amsa da bakinsa.

Don Allah, duk ɗan takarar da zai zo neman goyon bayan gwamnonin Arewa, ko na jam'iyyarka ne ko ba naka ba, a sa shi ya amsa a rubuce: wane ma'auni zai yi amfani da shi wajen tantance wurin amfani a waya da banki da kayan dila? Zai yarda hukumomin haraji na jihohi su ga bayanan da kamfanoni ke miƙawa su binciki na jiharsu? Zai riƙa buga adadin amfanin da aka rubuta wa kowace jiha duk wata, ba jimlar rabo kaɗai ba? Kuma VAT zai tsaya a 7.5, ko za a dawo da shirin ƙara shi mataki-mataki da majalisa ta cire daga ƙudurin farko?

Akwai kuma harajin albashi, wanda na jiha ne. Mai albashin naira 150,000 a wata, in an cire masa kashi 8 na fansho a kan duka albashin, yana biyan hayar 300,000 a shekara, zai sami rangwamen haya na 60,000. A lissafin shekara, naira 800,000 na farko babu haraji, sauran 796,000 a kashi 15, ya kama 9,950 a wata. Wanda ke zaune a gidan gado, kamar ma'aikata da yawa a nan, ba shi da rangwamen haya, kuma tsohon rangwamen da kowa ke samu an soke shi. Sauƙin da aka yi wa ƙananan ma'aikata abin so ne, amma giɓin a asusun jiha zai faɗa, kuma muna tsoron a cike shi da tikiti a kasuwa da shinge a hanya. Direban tirelar shanu ya san rasit nawa yake tarawa kafin ya kai Kudu.

Muna roƙon ƙungiyarka ta sa kwamishinonin kuɗi na jihohi 19 su zauna su fitar da lissafin abin da kason amfani ya kawo wa kowace jiha tun Janairun 2026, a kwatanta da tsohon tsari, a buga shi da Hausa kafin a fara yawon kamfen.

Wassalam.

Daga wasu akantoci da masu ba da shawara kan haraji, Gombe.