Godiya ga masaukin baƙin da ya karɓe ni a Maraɗi

Assalamu alaikum.

Ni malamin makaranta ne daga Kano. A hutun da ya wuce na tsallako Nijar, ba don fatauci ko biki ba, sai don in ga Maraɗi da idona, garin da na daɗe ina koya wa yara cewa nan sarautar Katsina ta koma da Sarki Ɗan Kasawa bayan jihadi ya ci birnin Katsina a 1807. Ashe wannan dalilin ba ya shiga kunnen mutane. A wani shinge an riƙe takarduna kusan awa biyu, ana ta maimaita tambaya ɗaya: ina kayanka, wurin wa za ka? Da na ce yawon buɗe ido na zo, sai aka shiga yi mini kallon mai ɓoye wani abu. Masaukin farko da na shiga, suna jin harshena kuɗin ɗaki ya ninka. A na biyu ko amsa sallama ba a yi mini da kyau ba.

A haka na iso wurinku bayan isha'i, a gajiye, raina a ɓace. Saurayin da ke teburin karɓar baƙi bai fara da neman katin shaida ba, ruwan sanyi ya miƙo mini tukuna. Sannan ya ce, "Baba, sannunku da hanya, me ya kawo ku garinmu?" Na ba shi amsar da na gaji da bayarwa, sai na ga fuskarsa ta washe. Wallahi shi ne mutum na farko da ya yarda da ni a ranar.

Ya yago takarda ya zauna kusa da ni. Abin da ya fara koya mini lissafin kuɗi ne, domin ya ce nan ake cutar baƙo. A kasuwa da dala ake ciniki, dala ɗaya sefa 5 ce, in mai kilishi ya ce ɗari to sefa 500 yake nufi, jika kuwa 1,000. Ya rubuta mini su ɗaya bayan ɗaya, takardar tana aljihuna har na bar garin. Ya ce in fara da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, in gangara bakin gulbi inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu, washegari in je garin Tsibirin Gobir. Da na ambaci tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, bai ɓoye mini halin tsaron yankin ba. Ya ce, "Baba, ku fita da sassafe, kada la'asar ta same ku a can." Shi ya kira direban da ya sani, ya yi mini ciniki a gabana, kuma ya buga waya sau biyu yana tambayar inda muke. Na ba shi na goro, ya ƙi karɓa.

Ɗaki tsaf, ruwa bai yanke ba, kuɗin da aka faɗa shi aka karɓa. Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa yaron nan albarka.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda irin wannan ya zama abin mamaki. Har a wajenmu, wuraren da suka fi naku girma da tsada ba su da ma'aikaci ɗaya da zai iya gaya wa baƙo inda zai je ya ga tarihin garin. A miƙa maka makulli kamar ana yi maka alfarma, famfo ya lalace ka yi magana a ce gobe. Ga shi ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mutanen da jirgin zai kwaso ban san wa zai tarbe su ba.