Rangwamen harajin gida a Ingila: rabon gado a Kano na iya hana mutum shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in gyara wata magana da ke yawo a tsakanin 'yan uwanmu mazauna Ingila, wai duk wanda zai sayi gidansa na farko ba ya biyan harajin sayen gida (wanda ake kira stamp duty) in kuɗin gidan bai wuce fam 425,000 ba. An yi hakan, amma ya wuce. A watan Satumban 2022 aka ɗaga iyakar zuwa can, wa'adinta kuma ya ƙare ran 31 ga Maris, 2025. Daga 1 ga Afrilu aka koma kan ma'aunin da aka faro da shi a Nuwamban 2017.

Ga yadda lissafin yake yanzu a Ingila da Arewacin Ailan. Mai sayen farko ba ya biyan ko sisi a kan fam 300,000 na farko, sai ya biya kashi 5 cikin ɗari na abin da ya hau kai, har zuwa fam 500,000. Gidan fam 400,000 ke nan harajinsa fam 5,000, alhali wanda ba shi da rangwamen zai biya 10,000. Amma da zarar kuɗin gida ya haura fam 500,000, ko da fam ɗaya ne, rangwamen ya tashi gaba ɗaya. Mai sayen gidan 500,000 zai biya 10,000, na 505,000 kuwa 15,250 zai biya. Wanda ke ciniki a wannan gaɓa sai ya riƙe wuta, don ƙarin dubu biyar a farashi ya zama dubu goma da ɗoriya a aljihu. Sikotilan tana da nata harajin dabam, rangwamenta bai wuce fam 600 ba, Wales kuwa ba ta ware wa mai sayen farko komai ba.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne ma'anar "na farko". Da yawa sun ɗauka na farko a Birtaniya ake nufi. A wurin hukumar haraji ta HMRC, mai sayen farko shi ne wanda bai taɓa mallakar gidan zama ba a ko'ina a duniya, shi kaɗai ko da haɗin gwiwa, saye ya yi, ko kyauta aka ba shi, ko gado ya ci. To, wa ke cikinmu da mahaifinsa ya rasu bai bar gida ba? Wanda aka yanka wa ɗaki biyu a gidan gado a Fagge ko Zangon Damagaram, ko 'yar da ta samu rabin rabon ɗan'uwanta a gidan Katsina, duk maganar ta shafe su. Ko ka sayar da rabonka shekara goma da suka wuce, sunanka ya riga ya fita daga layin masu sayen farko. Shago ko fili fetal da ba a ɗora ko bulo ɗaya a kai ba, wannan ba gidan zama ba ne. Amma batun gado, a kai wa lauya shi dalla-dalla tun ranar farko: yaushe aka yi rasuwar, an raba ko ba a raba ba, gidan aka ba ka ko sayarwa aka yi aka miƙo maka kuɗi. A kan wannan bambancin zai yanke shawara.

Rasa rangwamen ma ƙaramin abu ne. Akwai ƙarin haraji na mai gida fiye da ɗaya, wanda aka ɗaga daga kashi 3 zuwa kashi 5 a ƙarshen Oktoban 2024, kuma a kan dukan kuɗin gidan ake ɗora shi. In har ranar da aka kammala ciniki kana da wani gida, ko rabo a cikin gida, da darajarsa ta kai fam 40,000, ko a Abuja yake, to galibi gidan nan na fam 400,000 harajinsa zai zama 30,000. Rabon da bai kai 40,000 ba ba ya jawo ƙarin, sai dai duk da haka ya hana rangwamen, kuma nan ne mutane ke rikicewa. A wannan ƙarin, miji da mata abu ɗaya ne a idon doka: in uwargida na da gidanta a Kaduna da ya kai wannan daraja, ko maigida ya saya da sunansa shi kaɗai, ƙarin zai hau kansa, rangwamen kuma ya faɗi.

Haka in mutum biyu za su sa suna a takardar gida, dole dukansu su kasance masu sayen farko. Uba ya ga albashin ɗansa bai isa banki ya ba shi bashi ba, sai ya ce a sa sunansa ya tallafa, nan take ya jawo wa yaron asara. Wasu bankunan sukan yarda uba ya shiga cikin masu biyan bashin ba tare da sunansa ya hau takardar mallaka ba, a tambayi wannan tsarin. Sharaɗi ne kuma a ce zama za ka yi a gidan, ba haya za ka bayar ba.

Sabon zuwa ya ƙirga kwanakinsa. Wanda bai yi kwana 183 a Birtaniya ba cikin wata 12 kafin saye, za a ƙara masa kashi 2, wato fam 8,000 a misalinmu. Ana iya dawo masa da shi in ya cika kwanakin daga baya, amma sai ya nema.

Masu gudun riba su kwantar da hankali. In bankin Musulunci ya sayi gidan kana fansar rabonsa kaɗan-kaɗan, doka ta hana a karɓi haraji sau biyu, kuma kai ake dubawa wajen rangwamen, ba bankin ba.

Rangwamen ba ya zuwa da kansa. Lauyan da ke yi maka cinikin shi ke cike takardar haraji ya sa lambar rangwame 32, a aika tare da kuɗin cikin kwana 14 da kammala saye. In an makara tarar fam 100 ce, ta koma 200 bayan wata uku, ban da kuɗin ruwa. Kafin nan zai miƙo maka takarda ka sa hannu cewa ba ka taɓa mallakar gida ba, kuma alhakin abin da ke ciki a wuyanka yake, ba a nasa ba. Masu cewa "ina Bature zai san da gidan Kano?" su sani HMRC na da wata 9 ta buɗe bincike, shekara 6 in sakaci aka yi, shekara 20 in da gangan aka ɓoye, sannan a biya harajin da tara a kai.

Don Allah, Edita, a gayyato lauyan da ya san wannan fanni ya amsa tambayoyin jama'a, musamman kan gidan gadon da har yanzu ba a raba ba.

Wassalam,
Mai bibiyarku daga Manchesta