Wasiƙa daga Osaka ta ƙasar Japan: Kalmar "buzz" da ɗalibaina

Zuwa ga aminina Malam Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maman Aisha da yara. Ya makaranta, ya ƙurar hunturu? Mu ma nan sanyi ya kankama.

Ka tambaye ni abin da ya fi ba ɗalibaina wuya a Turanci. Kowa zai ce maka rarrabe "r" da "l", amma wannan tsohon zance ne. Ni abin da na ga yana kayar da su shi ne ƙananan kalmomin nan masu kwaikwayon sauti, musamman "buzz", wato ƙarar ƙudan zuma.

Da sun gan ta sai su saki jiki, don Japananci cike yake da irinta, tamkar amsa-kama a Hausa. Giongo suke ce musu. Ƙudan zuma a wurinsu "bun-bun" yake yi, yadda mu za mu ce ƙudaje sun taso buuu. To amma a harshensu, da namu ma, irin wannan kalma yawanci raka aikatau take yi. A Turanci kuwa ita ce aikatau, ita ce suna, sannan takan bar ƙudan zuman a baya ta yi gaba abinta.

Waya ta yi gurnani a aljihu, "my phone buzzed", wannan ba gardama, kunne na ji. "Buzz cut" ma da sauƙi, askin kilifa ne. Ina ce musu su tuna kan yaran sakandare masu ƙwallon besbol a filin Koshien, sai kowa ya gyaɗa kai. Daga nan ne hanya ke rikicewa. "Give me a buzz" na nufin ka buga min waya. "The city is buzzing", gari ya cika ya batse, ana ta hada-hada. Shi kuwa "buzz off" kora ce, ɓace min da gani. A kansa nake daɗewa, domin mutanen nan akwai kiyaye girma a magana, ga shi jimlar ba ta da wata alamar da za ta nuna musu cewa rashin kunya ce. Gajeriya ce, da daɗin faɗa, sai wani ya je ya yaɓa wa manajansa.

Babban tarkon kuma daga gidansu yake. Sun ari kalmar sun mayar da ita "bazuru", wato abu ya yaɗu a intanet kowa na zancensa. Sai ɗalibi ya rubuta min "my video buzzed" yana murna. Bature ba haka zai ce ba, "went viral" zai ce. Ban cika ganin laifinsu ba, mu ma ai mun ari kalmomin da masu su ba za su gane su a bakinmu ba.

Sai furuci. Ba sa iya tsayawa a kan yawancin baƙaƙe, sai sun liƙa wasali, "buzz" ta koma "bazu", ga "bus" da "bath" duk "basu" ne a bakinsu. Dabarata ita ce in sa kowa ya ɗora yatsu biyu a maƙogwaro ya ja "sss", sannan ya ja "zzz". Ka ga dattijo da kwat da lakataye, ya taso daga ofis a gajiye, yana zzz ido a rufe har ya ji maƙogwaronsa na rawa, ajin duk ya ɓarke da dariya. Gwada wa 'yan ajinka, ina jin za ta yi aiki a kan "f" da "v".

Idan ka samu mai zuwa, a sako min yaji da kuka. Ban da kilishi, kwastan ɗin nan ba sa barin nama ya shigo. Ka gaishe min da Baba da sauran malamai.

Naka,
Habibu