Ciwon da ke kwantar da ƙanina ba jifa ba ne, gado ne

Edita, assalamu alaikum. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani ciwo da ya wahalar da gidanmu a nan Garwa shekara da shekaru ba mu ma san sunansa ba, ashe shi ne hypokalemic periodic paralysis, wato sakewar jiki da ke zuwa lokaci-lokaci in potasiyom, wani gishirin jiki, ya yi ƙasa a jini.

Ƙanina tun yana ɗan shekara 14 abin ya fara masa, zai kwanta lafiya lau, da asuba a tashe shi sallah sai hannu da ƙafa su ƙi motsi, idonsa biyu yana magana yana jin komai amma ko buta ba ya iya ɗagawa, can bayan awowi ya miƙe kamar ba shi ba. To wannan miƙewar ita ta ja masa zargi, wasu su ce lalaci ne ba ya son zuwa lakwal, wasu su ce jifa ne, an sha rubutu an yi hayaƙi, a wani asibiti kuma maganin zazzaɓin sauro aka yi ta ɗura masa don kafin mu isa ya warware. Wallahi yaron nan ya sha kuka a ɓoye. Kuma marigayi Baba ma haka yake yi, mu muna cewa dannau ne.

Sai a Yawunde wata likitar jijiyoyi ta zaunar da mu. Ta ce a jikin tsoka akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan gishirin jiki irin su sodiyom da kalsiyom ke wucewa, da haka tsoka ke samun wutar motsi. In mutum ya yi gadon ƙofar da ke da tangarɗa, yawanci daga ƙwayar gado CACNA1S ko SCN4A, sai wani lokaci potasiyom ɗin jini ya tsere cikin tsoka ya yi ƙasa, jiki ya saki. In uwa ko uba na da shi, kowane yaro rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsira.

Da ta lissafo abin da ke tayar da shi sai muka kalli juna, ai ranar da ya buga ƙwallo ya dawo ya cika ciki da tuwon shinkafa da shayi mai sukari, washegari ne yake kwanciya, haka ma bayan buɗa baki mai nauyi da azumi.

Yanzu yana shan maganin acetazolamide da potasiyom bisa awon likita, ya rage zaƙi da gishiri, alhamdulillahi abin ya yi sauƙi sosai. Amma dan Allah kar wani ya je famasi ya sayi potasiyom da kansa, yana taɓa zuciya, kuma akwai wani nau'in ciwon da potasiyom ɗin hawa yake yi ba sauka ba.

Roƙona ga likitocinmu na Garwa da Marwa da Kuseri, in an kawo muku matashi jiki a sake hankalinsa garau, ku auna potasiyom a lokacin kafin ya warware, ku tambaya ko akwai mai irin haka a dangi. 'Yar yayarmu ma ta fara kukan ƙafa da safe, wata mai zuwa za mu kai ta awo in sha Allah.

Mai karatunku daga Garwa, Kamaru.