Wasiƙa Kan Tokar Ɓuntun Shinkafa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka cewa tokar ɓuntun shinkafar da kake ƙonawa tana fitowa da baƙi-baƙi, har kana shirin kai wutar digiri 900 na Salshiyas. Don Allah dakata.

Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin ɓuntu ne ke zama toka, kuma fiye da kashi 85 na tokar silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi. Wadda ake nema ita ce silikar da ba ta zama kiristal ba, wato wadda ƙwayoyinta ba su jeru cikin tsari ba, domin ita ke narkewa cikin sauƙi a ruwan sodiyam haidiroksaid, ita kuma ke haɗuwa da laim ɗin siminti ta ƙara wa kankare ƙarfi. A digiri 600 zuwa 700 na Salshiyas ake samunta. Idan zafi ya haura 800, sai ta fara rikiɗewa zuwa kiristobalait (wani nau'in silika da ya zama kiristal), ƙananan ramukan jikinta su toshe, ta daina aiki. Ƙurar kiristobalait kuwa tana lalata huhu, kada ka taɓa tokar ba takunkumi.

Baƙin da kake gani gawayi ne, kuma sau da yawa fotashiyam ɗin cikin ɓuntun ne sanadi. Idan wuta ta tashi da sauri, yakan narke a saman silikar ya rufe gawayin tun bai ƙone ba, iska ta kasa isa gare shi. Ƙara wuta ba ya cire shi. Shi dai fotashiyam ɗin ne ma ke sa kiristal ya fito da wuri.

Saboda haka ka fara da wanki, don a cire fotashiyam ɗin. Ka tafasa ɓuntun cikin asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin mola 1 (mola ma'aunin ƙarfin asid ne) na awa biyu, ka ɗauraye shi da tataccen ruwa har asid ya fita sarai, sannan ka busar a digiri 105. Ka baza shi ba kauri a mazubi, ka bar wa iska hanya. Tanderu ya riƙa hawa digiri 5 a minti, ya tsaya a 650 na awa uku zuwa huɗu. Toka za ta fito fara fat, ba nauyi.

Amma fari ba hujja ba ne cewa silikar ba ta zama kiristal ba. Ka kai ta gwajin XRD, wato gwajin hasken X-ray da ke nuna ko akwai kiristal: a zanen sakamakon, tudu mai faɗi wajen digiri 22 (na kusurwa, ba na zafi ba) ake so. Idan tsini mai kaifi ya fito a wurin, wuta ta wuce gona da iri.

Ka sanar da ni sakamakon. Ka gaida gida.

Naka amini.