Rahoton Ayyukan Shekara: Shirin Ƙarfafa Juriya da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasa a Makarantu

Ya ku 'yan uwa mambobin ƙungiya, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga rahoton kwamitin shirin makarantu na bana.

Waɗanda muke wa aiki ba su sauya ba: ɗaliban sakandare da rayuwa ta matsa wa, wato marayu, waɗanda rikici ya raba da gidajensu, masu shan cin zali a aji, da waɗanda suka fara taɓa shaye-shaye ko fashin makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kan kunno kai ne zuwa shekara 14. Makaranta ce inda ake ganin yaro kusan kullum, shi ya sa muka tare a can.

Gano yaran shi ne matakin farko, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Idan aka ce malamai su kawo sunaye, masu surutu da faɗa suke kawowa. Yarinyar da ke zaune a bencin baya, ta daina ɗaga hannu, ta daina fita tara, ba ta damun kowa, don haka ba wanda ke tunawa da ita, alhali sau da yawa ita ce ta fi shiga haɗari. Saboda haka bana muka haɗa abu uku: takardar tambayoyi ta SDQ (wadda ke auna halayya da yanayin zuciyar yaro) mai tambaya 25, rajistar aji, inda muke bin duk wanda ya yi fashin kwana uku a jere ba dalili, da faɗuwar maki ba zato tsakanin zango da zango. Takardar nan ba ta cewa yaro yana da cuta kaza, nuni kawai take yi ga wanda ya kamata a zauna da shi. An hana kiran suna a gaban aji, domin inda aka yi haka a zangon farko ɗalibai sun laƙaba wa zaman mummunan suna, wasu yaran kuma ba su sake zuwa ba. Yanzu a keɓe ake gayyatar kowa, da izinin iyaye a rubuce, kuma sunan zaman "koyon dabarun rayuwa".

Tsarin zaman mun ɗora shi ne a kan shirin EASE na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai koya wa yara dabarun jure damuwa, wanda aka shirya wa masu shekara 10 zuwa 15: zama bakwai na yara, uku na iyaye, kowanne minti 90. Rukuni ba ya wuce ɗalibi 12, da jagora biyu, ɗaya yana koyarwa, ɗaya yana lura da wanda ya yi shiru ko ya fashe da kuka. Ana koyon kiran abin da ke zuciya da sunansa, numfashi a hankali, komawa ayyukan da damuwa ta sa aka bari, da warware matsala daki-daki. Numfashin nan yana da sauƙi a baki, amma a aikace akwai gyara. Yaro ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska ta hanci yana ƙirga uku, ya sake ta a hankali, hannun yana tashi yana sauka. Da yawa kafaɗa suke ɗagawa su riƙa zuƙa da sauri, nan take jiri ya ɗebe su, su ce abin ba ya yi. Jagoran da bai zagaya ya duba hannun kowa ba, ya yi zaman banza.

Lokaci ne ya fi wahalar da mu. Minti 90 ba ya shiga darasi ɗaya, kuma inda aka raba zama gida biyu, rabin lokacin yana tafiya wajen tuna abin da aka yi a baya. Zangon jarrabawa kuwa ya cinye zama na shida da na bakwai a wasu makarantu, waɗanda su ne na bita da shirin ci gaba bayan an rabu.

A kan wanda zai ja ragama, kwamiti ya tsaya a kan masu sa kai da aka horar, ba malamin aji ba. Wanda ke ba ka maki yana hukunta ka, da wuya ka buɗe masa cikinka. Binciken SEHER da aka yi a jihar Bihar ta Indiya, aka wallafa a 2018, ya nuna haka: inda mai ba da shawara na musamman ya ja shirin, cin zali da alamun ciwon damuwa sun ragu, inda malami ya ja kuwa ba a ga sauyi ba. Malamai muna ba su horon gane alamu da sanin wanda za su miƙa wa yaro. Haka kuma mun jingine shawarar da wasu mambobi suka kawo ta koya wa kowane aji darasin natsar da zuciya, saboda binciken MYRIAD na Birtaniya a 2022, mai ɗalibai sama da 8,000, bai same shi ya fi koyarwar yau da kullum amfani ba.

Inda muka fi rauni shi ne miƙa yaro ga ma'aikacin lafiya, kuma wannan yana ci mana rai. Tun zaman farko ake faɗa wa yara iyakar sirri: abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, sai fa idan rai yana cikin haɗari. Idan jagora ya ji wata magana mai tayar da hankali, ya tambaya kai tsaye ko yaron yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In amsar e ce, ba a barinsa shi kaɗai, a sanar da babban da ya amince da shi, a kawar da magunguna da abubuwa masu cutarwa daga kusa da shi, a kai shi ga ma'aikacin lafiya a ranar. Matsalar da muka gani ita ce takardar turawa asibiti tana ƙarewa ne a cikin jakar makaranta. Daga zango na biyu muka sa kowace takarda ta zama tana da mai bibiya guda, wanda zai kira iyaye cikin kwana biyu, ya sake ganin yaron cikin mako.

Zaman iyaye bai cika ba da farko, don an sa shi a lokacin aiki. Da aka mayar da shi ƙarshen mako abin ya gyaru. Maganar barci ce ta fi jan hankalinsu, wato matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10, kuma waya a ƙarƙashin matashin kai ita ke cinye su.

A baɗi za a fara rukunoni a mako na biyu na zangon farko don a gama kafin jarrabawa, a sake cike SDQ wata uku bayan kammalawa, kuma kowane jagora zai zauna da mai duba aikinsa duk mako biyu, domin sauraron damuwar yara yana gajiyar da mai sauraro. Ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗi a takarda daban. Mambobin da ke aikin jinya, likitanci ko ba da shawara, waɗanda za su iya ware awa biyu a mako, su ba sakatare sunayensu kafin a koma makaranta.