A riƙa faɗa mana masu gidajen rediyon nan

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na tashi na tarar da mahaifina kullum da yamma yana zaune a zaure, yana murza akwatin rediyonsa har ya kamo Sashen Hausa na Rediyon Sin, wanda ya fara watsa shirye-shirye tun 1963. Yau kuma 'ya'yana a waya suke kallon labaran Beijin da na Tehran, duk da Hausa.

Damuwata ita ce da yawanmu ba mu san masu waɗannan kafafe ba. A 2018 gwamnatin Sin ta haɗe rediyon da talabijin na CCTV a ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma sashen yaɗa manufofi na Jam'iyyar Kwaminis ne ke kula da su. A Iran kuwa, Jagoran addini na ƙasar ne da kansa yake naɗa shugaban IRIB, hukumar rediyo da talabijin ta ƙasar. To, ta yaya ma'aikacin irin wannan gida zai faɗi laifin mai gidansa? Ku saurari yadda Rediyon Sin ke ba da labarin Musulmin Uigur, wata ƙabila a ƙasar Sin, za ku gane nufina.

Ban ce a daina saurarensu ba, ni ma ina ƙaruwa da su. Roƙona, duk lokacin da jaridarku ta ɗauko labari daga gare su, a rubuta ƙarara cewa kafar gwamnati ce.

Naka,
Mai karatu daga Zariya